Ƙumar ruwa: yadda yanayin ruwa ke zaɓa mata mazauni, daga Dadin Kowa zuwa bakin teku

Ruwan famfon da ke isa unguwar Shamaki da sauran unguwannin birnin Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake fitowa, wadda aka kammala gina ta a kan Kogin Gongola a shekarar 1984, kimanin kilomita 37 gabas da birnin. Ruwan da bai shiga bututu ko gonakin rani ba yakan wuce kudu, ya ratsa madatsar Kiri, ya faɗa Kogin Binuwai a Numan. Daga nan sai Lakwaja, inda Binuwai ke haɗuwa da Kogin Kwara, sannan su gangara tare har yankin Neja Delta, su rarrabu gida-gida kafin su shiga Tekun Atlantika.

A duk tsawon wannan tafiya akwai wata ƙaramar halitta da ke rayuwa a cikin ruwan, wadda galibin masu shan sa ba su taɓa lura da ita ba. Masana kimiyya suna kiran ta kofifod, ana kuma iya ce mata ƙumar ruwa saboda yadda take tsalle-tsalle idan tana iyo. Ita ce abincin farko na ƴaƴan kifi masu yawa, kuma ita ce ta riƙa kai cutar kurkunu cikin jikin mutane shekaru aru-aru. Sai dai ba a warwatse take yadda aka ga dama ba. Kowane nau'i yana da irin ruwan da yake iya zama a ciki, kuma gishiri da zafi da gudun ruwa da laka da iskar shaƙa su ne ke yanke wannan hukunci. Sanin hakan ya taimaka wajen kawar da kurkunu daga Nijeriya, yana kuma da alaƙa da yawan kifin da masunta ke kamawa.

Wace irin halitta ce?

Ƙumar ruwa dangin jatanlande ce da ƙaguwa. Yawancinta tsawonsu bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, wato idan aka ɗebo ruwan kududdufi a kofin gilashi aka ɗaga shi sama wajen haske, za a iya hango su kamar fararen ɗigo suna zabura. Jikinsu yana da ɓawo mai gaɓoɓi, da dogayen ƙahonni biyu a gaba, kuma mafi yawansu ido ɗaya tak ke gare su a tsakiyar kai. Masana sun bayyana nau'o'i sama da 10,000, wasu a teku, wasu a ruwan daɗi, wasu kuma a maƙale a jikin kifi.

Waɗanda ke rayuwa da kansu sun kasu manyan gidaje uku. Akwai masu dogayen ƙahonni da ke shawagi a tsakiyar ruwa suna tace ƙananan tsirrai; akwai masu gajerun ƙahonni, dangin Cyclops, waɗanda da yawansu mafarauta ne kuma su suka fi yawa a tafkuna da kududdufai; akwai kuma masu rarrafe a cikin laka da yashi. Bayan ƙyanƙyasa, ƙumar ruwa takan bi matakai shida tana tsutsa, sannan wasu biyar tana kama da babba, tana saɓa ɓawo a kowane mataki, kafin ta balaga. A ruwa mai ɗumi irin na ƙasashenmu duk wannan kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ko ɗan fiye, alhali a tekunan yankunan ƙanƙara yakan kai shekara guda ko ma ya wuce.

Muhimmancinta yana cikin matsayin da take riƙe da shi. Ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani suna haɗa abinci da hasken rana, ƙumar ruwa ta ci su, ƴaƴan kifi su ci ƙumar, manyan kifaye su ci ƙanana, mutum kuma ya ci kifi. Ɗan kifin da ya ƙare gwaiduwar da ya fito da ita yana da ƴan kwanaki kaɗan ne kawai ya sami abin da zai shiga ƙaramin bakinsa. Idan a wannan lokaci babu ƴaƴan ƙumar ruwa a inda yake, yunwa za ta kashe shi.

Mahaɗar kogi da teku

Babu inda aka fi ganin tasirin yanayi a kan wannan halitta kamar wurin da kogi ke shiga teku. Gaɓar tekun Nijeriya ta kai kimanin kilomita 850, kuma cike take da irin waɗannan mahaɗai, kamar na Forcados da Escravos da Brass da Bonny, da mahaɗar Kogin Kuros a kusa da Kalaba, da kuma tafkin Legas mai haɗe da teku.

Abu na farko da ke raba mazauna wannan wuri shi ne gishiri. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, ruwan kogi kuwa bai kai ko rabin giram ba. A mahaɗa, ruwan yana tsakanin waɗannan biyu, kuma yawan gishirin yana canzawa daga wuri zuwa wuri, daga safe zuwa yamma. Wannan babbar jarrabawa ce ga halitta mai siririn ɓawo. Idan ƙumar ruwan daɗi ta faɗa ruwan gishiri, ruwan jikinta zai tsotse ya fita, ta yanƙwane. Idan ta teku ce ta shiga ruwan daɗi, ruwa zai yi ta kutsawa cikin jikinta har ta kumbura. Wadda za ta zauna a tsakiya dole ta iya daidaita gishirin jikinta a kowane lokaci, kuma hakan yana cinye mata ƙarfi.

Saboda haka ne idan aka bi mahaɗa da kwalekwale daga sama zuwa ƙasa ana ɗibar ruwa, za a tarar da jama'a uku a jere. A can sama, inda ruwan ke da daɗi, dangin Thermocyclops da Mesocyclops ne ke da rinjaye, irin waɗanda ake samu a tafkunan cikin ƙasa. A bakin teku kuwa nau'o'in teku ne irin su Paracalanus da Temora ke shigowa. A tsakiya ana samun ƙwararru wajen jure sauyi, kamar Acartia da Oithona da Pseudodiaptomus. Binciken da aka daɗe ana yi a tafkin Ebrié na birnin Abidjan a ƙasar Kodebuwa ya nuna cewa waɗannan dangogi uku ne suka fi mamaye ruwan.

Tun a 1934 wani masanin dabbobi Bajamushe mai suna Adolf Remane ya lura cewa yawan nau'o'in halittu yakan yi ƙasa ƙwarai a ruwan da gishirinsa ke tsakanin giram 5 zuwa 8 a lita, domin ya yi wa na kogi yawa, ya kuma yi wa na teku kaɗan. Sai dai ƙarancin nau'i bai hana yawan adadi ba. Ƴan tsirarun da suka iya zama a wurin suna samun abinci a wadace ba tare da masu takara da yawa ba, sai su hayayyafa sosai. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa mahaɗar kogi da teku ta zama wurin renon ƴaƴan kifi da jatanlande, har da kifin bonga da ake kyafewa ana kai shi kasuwannin ƙasar nan.

Yadda take hana ruwa ya tafi da ita

Tambayar da kan zo wa mai lura ita ce: halittar da ba ta iya gwada ƙarfi da gudun kogi, me ya hana ruwa ya kwashe ta gaba ɗaya ya zubar a teku? Amsar tana cikin nauyin ruwa. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, don haka a mahaɗai da yawa ruwan kogi yana bi ta sama zuwa teku, na teku kuma yana kutsowa ta ƙasa zuwa cikin ƙasa. Bayan haka, teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a kowace rana.

Wasu nau'o'in ƙumar ruwa suna amfani da wannan tsari. Idan teku tana cikowa sai su taso sama, ruwa ya tura su ciki. Idan ta fara janyewa sai su sauka kusa da ƙasa, inda gudun ruwa ya fi rauni. Da wannan hawa da sauka suke tsare matsayinsu. Akwai kuma wata tafiyar ta kullum, wadda haske ke jagoranta. Da rana sukan nutse ƙasa don kauce wa kifayen da ke farauta da ido, da dare su hau sama su ci abinci. Shi ya sa mai binciken da ya ɗebi ruwan sama kawai da tsakar rana zai iya komawa gida da zaton cewa wurin ba kowa.

Laka ma tana da nata tasirin. A inda ruwan daɗi ya fara cuɗanya da na gishiri, ƙurar laka takan dunƙule ta taru, ruwa ya yi duhu. Duhun yana rage hasken da ƙananan tsirrai ke buƙata, amma yana tara ruɓaɓɓen ganye da ƙwayoyin bakteriya, yana kuma ɓoye ƙumar ruwa daga idon kifi. Nau'o'in da ke iya cin irin wannan abinci sukan yi cincirindo a wurin. A Neja Delta, ganyen itatuwan da ke tsiro a cikin ruwan gishiri yana zuba ya ruɓe, ya zama tushen abincin masu rarrafe a laka.

Sai kuma iskar shaƙa da ke narke a cikin ruwa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe ta da yawa, kuma idan ƙazantar gari ko taki suka kwarara cikinsa, bakteriya kan cinye ɗan abin da ya rage, musamman a ƙasan ruwa da kuma gab da asuba. Masu dogayen ƙahonni su suka fi saurin gujewa irin wannan wuri, dangin Cyclops kuwa sun fi juriya. Masana sukan ɗauki wannan sauyi a matsayin alama, domin ruwa ba ya tsami banza: idan nau'o'i masu yawa suka ɓace aka bar ɗaya ko biyu masu taurin rai, to akwai abin da ke shiga ruwan.

Damina da rani, da hannun ɗan Adam

A ƙasashe masu sanyi zafi ne ke tsara shekarar ƙumar ruwa. A Afirka ta Yamma kuwa ruwan sama ne. Tafkin Legas misali ne: da damina koguna irin su Ogun suna cika shi da ruwan daɗi har gishirinsa ya kusa ƙarewa, sai nau'o'in teku su janye, na kogi su gangaro. Da rani ruwan teku yakan kutso ta mashigar jiragen ruwa, gishiri ya hau, baƙin teku su dawo. Haka abin yake a Neja Delta, inda ambaliyar Binuwai da Kwara, wadda kan kai ƙololuwa wajen Satumba da Oktoba, ke tura iyakar gishiri zuwa bakin teku, rani kuma ya mayar da ita ciki.

A nan ne alaƙar Gombe da bakin teku take fitowa fili. Kowace madatsa da aka gina a sama, ko Dadin Kowa ce, ko Kiri, ko Kainji, ko Lagdo ta ƙasar Kamaru, tana canza lokacin da ruwa ke isa ƙasa da yawansa, tana kuma tare laka da sinadaran da ke ciyar da ƙananan tsirrai. Tasirin madatsa guda yana iya zama kaɗan, amma idan aka tara su yana da nauyi. Ƙasar Masar ta ga haka bayan da aka datse Kogin Nilu a Aswan a tsakiyar shekarun 1960. Ambaliyar da ke kai sinadarai Bahar Rum ta tsaya, ƙananan halittun ruwa suka ragu, kamun kifin sadin a bakin Nilu kuma ya faɗi warwas cikin ƴan shekaru.

Malalar ɗanyen mai wata barazana ce ta daban. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda mai ya gurɓata rafuffuka da laka, ya kuma lalata itatuwan bakin ruwa, waɗanda su ne wurin renon kifi.

Daga Dadin Kowa zuwa kududdufin ƙauye

Arewa ba ta da teku, amma ƙa'idar ɗaya ce, sai dai a nan gudun ruwa da bushewarsa ne suka maye gurbin gishiri. Kogi mai gudu ba ya tara ƙumar ruwa, domin yana kwashe ta kafin ta hayayyafa. Da zarar an tare shi ya zama tafki, kamar a Dadin Kowa ko Balanga, sai ta sami wurin zama. Da damina jan ruwa mai laka yana shigowa ya rage haske. Bayan damina ruwa yakan kwanta ya yi garau, ƙananan tsirrai su yawaita, ƙumar ruwa ta biyo baya. Da hunturu kuma sanyi da iska suna juya ruwan tafki mai zurfi, su taso da sinadaran da suka kwanta a ƙasa.

Kududdufin da ke ƙafewa da rani ya fi ba da mamaki. Wasu nau'o'in suna barin ƙwai mai taurin ɓawo a cikin laka, wasu kuma ƙananansu ne ke shiga laka su kwanta kamar matattu. Idan ruwan farko ya sauka, cikin ƴan kwanaki kududdufin ya sake cika da su.

A irin wannan ruwa ne kurkunu ya yi sheƙarsa. Mai ciwon yakan tsoma ƙafa a ruwa don ya ji sanyi, sai tsutsar ta zubar da dubban ƴaƴa. Ƙumar ruwa dangin Cyclops ta haɗiye su, su yi kimanin mako biyu suna girma a cikinta. Wanda ya sha ruwan ba tare da tacewa ba ya haɗiye ƙumar da abin da ke cikinta, bayan wata 10 zuwa 14 kuma tsutsa mai tsawon da kan kusa mita ɗaya ta fara ɓullowa, galibi a ƙafa. Wani masani ɗan Rasha, Aleksey Fedchenko, shi ya gano rawar da ƙumar ruwa ke takawa wajen 1870. A farkon shekarun 1950 kuma masanin dabbobi ɗan Nijeriya, Sanya Onabamiro, ya nuna cewa nau'in Thermocyclops nigerianus ne ke yaɗa cutar a wani ƙauye na kudu maso yammacin ƙasar nan.

Lokacin ciwon ma yanayi ne ke tsara shi. A busassun yankunan Arewa ya fi yaɗuwa da damina, lokacin da kududdufai suka cika jama'a suka koma shan su, sai ya kwantar da manomi daidai lokacin noma a shekara mai zuwa. A kudu kuwa ya fi yaɗuwa da rani, sa'ad da rafuffuka suka daina gudu suka yayyanke suka zama tsayayyun ruwaye.

Ƙidayar farko da aka yi a faɗin Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ta gano masu ciwon sama da 653,000. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi kuma da maganin sha, don haka yaƙin ya koma kan ruwa da ƙumar da ke cikinsa. An raba ƙyallen tace ruwa mai ƙananan ramuka, an ba makiyaya da matafiya bututun sha mai rariya, an riƙa zuba maganin Abate a kududdufai wata-wata, an haƙa rijiyoyin burtsatse, an kuma hana masu ciwon shiga ruwan sha. Cibiyar Carter ta Amurka ta tallafa wa shirin, tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon kuma ya zagaya ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi da jama'a. An ga mai ciwon na ƙarshe a Jihar Inugu a watan Nuwamban 2008, kuma a Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da cutar. Jamhuriyar Nijar ma ta sami wannan shaida a shekarar.

A duniya baki ɗaya, daga mutum kimanin miliyan 3.5 a 1986, adadin ya sauko zuwa 14 a 2023. Amma ƙumar ruwa tana nan a kududdufanta, tsutsar ce kawai aka raba ta da ita. A ƙasar Cadi, tun daga 2012 ake samun kurkunu a jikin karnuka a ƙauyukan masunta na gaɓar Kogin Shari, an kuma same shi a dabbobi a arewacin Kamaru kusa da iyakar Cadi. Wannan ya sa jihohin Arewa maso Gabas, inda masunta da makiyaya da ƴan kasuwa ke kai da kawowa, suke da dalilin ci gaba da sa ido.

Cutarwa da amfani

Kwalara ma tana da alaƙa da wannan halitta. Ƙwayar cutar tana rayuwa a ruwan mahaɗar kogi da teku, inda take manne wa ɓawon ƙumar ruwa. Masaniyar Amurka Rita Colwell da abokan aikinta sun gwada tace ruwa da tsohon zanen mata da aka ninka sau huɗu a ƙauyukan Bangaladash, sakamakon da suka wallafa a 2003 kuma ya nuna cewa masu kamuwa da cutar sun ragu da kusan rabi. A biranen Arewa dai babbar hanyar yaɗuwar kwalara ita ce bahaya da ke gurɓata ruwan sha da abinci, don haka tacewa kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa da tafasawa ko sa sinadarin kulorin.

Akwai kuma inda ƙumar ruwa ta zama mataimakiya. A ƙasar Biyetnam, tun daga shekarun 1990 ake zuba nau'in Mesocyclops a manyan randunan ajiye ruwa domin su cinye ƴaƴan sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi, kuma ƙauyuka da dama sun ga raguwar sauron sosai. Masu ƙyanƙyasar tarwada su ma sun san cewa kandamin da aka sa wa taki ya yi kore yana haifar da ƙananan halittun da ƴaƴan kifi ke ci, duk da cewa manyan Cyclops kan far wa jariran kifi, wani nau'i mai suna Lernaea kuma yana kafa kansa a fatar kifi ya ji masa rauni.

Cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Legas, da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke New Bussa a Jihar Neja, da sassan nazarin halittu na jami'o'i, su ne ke da alhakin bin diddigin waɗannan halittu. Aikin ba ya buƙatar kayan da suka fi ƙarfin jami'a: koma mai ƙananan ramuka, na'urar auna gishiri da zafi da iskar shaƙa, da madubin hangen ƙananan halittu. Abin da ya fi wuya shi ne ɗorewa, wato a riƙa ɗibar ruwa a wuri guda, damina da rani, dare da rana, shekara bayan shekara, domin ta haka ne kawai za a bambance sauyin da ya saba zuwa da wanda ke nuna matsala.

Ga magidanci a Shamaki ko wani ƙauye a gaɓar Gongola kuwa, abin yi a bayyane yake. Duk lokacin da famfo ya ɗauke aka koma ruwan kududdufi ko na buɗaɗɗiyar rijiya, a tace shi da ƙyalle mai tsabta da aka ninka, a tafasa na sha, a rufe randa. Wanda kuma ya ga tsutsa mai kama da farin zare tana fitowa daga jikin mutum ko kare, ya hana shi shiga ruwa, ya gaggauta sanar da cibiyar lafiya mafi kusa.